Sista Zuweira ta Yendi, Mai Shirya Mu Kafin Kumasi

Kafin ƙarfe bakwai na safe Sista Zuweira ta riga ta buɗe ɗan ɗakinta da ke bayan asibiti a Yendi. Takan goge bencin katako, ta cika gorunan ruwa, ta zauna jiran waɗanda likita ya ba takardar zuwa Kumasi gashin ciwon daji, wato ƙona ciwon da hasken na'ura. Shekara ashirin da shida tana aikin jinya. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ba wanda ya ɗora mata aikin ɗakin nan. Ita ta lura mutanenmu suna zuwa Kumasi su dawo ba a yi musu komai ba. Kafin a fara gashi sai an ɗauki hoton da zai nuna daidai inda ciwon yake, kuma yadda mutum ya kwanta ranar, haka zai riƙa kwanciya har a gama magani. Wanda ya tsorata ya tashi, sai a sa masa wata rana. Da yawa ba sa komawa. Sai ta fara gwada musu abin tun daga gida.

Ku tambayi Alhaji Zibrim, mai sayar da doya a Salaga. Nasa ciwon a maƙogwaro yake. Da aka ɗora masa a Kumasi robar da ke rufe fuska ta riƙe kai don kada ya motsa, fizge ta ya yi, ya ce shi ba gawa ba ne, ya hau mota ya dawo. Matarsa ta kawo shi Yendi. Sista ta kwantar da shi a benci, ta rufa masa tawul mai ɗumi a fuska.

"Alhaji, iska tana shiga?"

"Tana shiga."

"To, yi salati goma a zuci, sai in cire."

Cikin mako guda ya kai ɗari bai motsa ba. Ya koma, aka yi hoton, aka yi gashin. Yau yana kasuwa. Muryar ta dushe, amma ciniki yake yi.

Ni kuwa mahaifiyata na kawo mata daga Bawku, Mma Sadiatu, da ciwon bakin mahaifa. Ta riga ta rantse ba za ta je ba.

"Ni da na je Makka, a tuɓe ni gaban maza, a zana mini jiki?" in ji ta.

Sista ba ta yi mata gardama ba. Biro ta ɗauka ta ɗiga a bayan hannunta. "Mma, kin ga girmansa. Ɗigo uku ne, don na'ura ta gane wurin. In hankalinki bai kwanta ba, ki tambayi malaminki. Ina nan."

Kwana tara muka yi kafin Mma ta dawo da kanta. Sista ta buga waya Kumasi ta roƙa a sa mata mace. Ta koya mata shan ruwa da riƙe fitsari, don da cikakkiyar mara ake ɗaukar hoton. Ranar da abin ya kuɓuce wa Mma a kan benci, Sista ce ta rufe ƙofa, ta goge, ta ba ta zaninta, ta ce gobe a sake.

Sau ɗaya aka ɗauki hoton Mma, ya yi. Ta gama maganinta, ta ƙara shekara biyu tare da mu, ta rasu a ɗakinta.

Sista Zuweira, ke ce mai haƙurin da ba a rubuta shi a takardar aiki ba. Ba ki taɓa yi wa kowa alkawarin warkewa ba. Gaskiya kike faɗa, ki zauna har mutum ya iya ɗaukarta. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai albarka.

Ku ma'aikatan jinya masu tasowa, da ku da kuka je Kumasi kuka dawo, kada ku bar mai tafiya ya tafi da tsoro. Ku zauna ku gaya masa abin da zai tarar.

Mma ta bar mini saƙo gare ki, na kasa isarwa sai yau. Cewa ta yi: "Gaya wa yarinyar nan ta Yendi, ba ta taɓa sa na ji kunya ba."