Baba Muntaka da Azarar da Ta Gaza

Duk wanda ya san Aujara ya san Baba Muntaka magini. Da hantsi za ka gan shi tsugune a bakin aiki, igiyar rama mai ƙulli-ƙulli a wuya, yana zane a ƙasa da tsinke kafin a ɗora tubali ko ɗaya. Masu gaggawa kan ce masa Sarkin Nawa. Ba ya jin haushi, sai ma ya sake auna kusurwar. Bana idanunsa sun yi rauni, ya ajiye aiki bayan shekara arba'in, shi ya sa zan faɗi abin da na gani da idona.

Shekara uku bayan Nasara sun ci Kano, ɗakin Iya Rakiya ya rushe. Tsohuwa ce, ba miji, ba ɗa. Maƙwabta suka yi mata gayya. Malam Zailani, dogon nan, ya auna faɗin ɗakin da hannunsa, kamu huɗu. Aka aika wa Arzika mai sara can fadama ya faskaro azara kamu huɗu da rabi. To, Arzika gajere ne, kamunsa ma haka. Da aka ɗaga azarar, ko ɗaya ba ta haɗa katangu biyu ba. Ga hadari ya fara haɗowa, giginyar da aka samu kuwa ita ke nan. Mutanen biyu suka kaure da musu, kowa na rantsuwa bai yi kuskure ba. Iya tana zaune a kan ƙullin kayanta tana kallonsu.

Aka kira Baba Muntaka. Ya gwada hannun kowannensu a jikin igiyarsa, ya yi murmushi.

"Malam, ɗaki a hannunka, azara a hannun Arzika. Ina za su haɗu?"

Iya ta ce, "Mai gini, in nemi inda zan raɓa ke nan?"

"Zauna, Iya. Jibi a ciki za ki kwana."

Ya tono guntayen azarar tsohon ɗakin daga ɓaraguzai, ya jera su a kan katanga, kashi biyu a cikin gini, kashi ɗaya ya leƙo ciki, taƙi guda kowane gefe. Faɗin ɗakin ya ragu, gajeruwar azara ta zauna daram. Kwana huɗu da yaɓe rufin aka yi ruwan fari.

Baba Muntaka, kai ne ka koya mana cewa ma'auni ɗaya ake bai wa mai gini da mai sara. Kai ne ba ka taɓa ce wa talaka aikinsa ƙarami ne ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Maginan da ke tasowa, ku tsuguna ku auna kamar yadda ya yi, ko za a ce muku masu nawa.

Jiya na gaya wa Iya Rakiya ka daina gini. Idonta ya cika da ƙwalla.

"Ka gaishe shi," in ji ta. "Ka ce masa damina goma sha ɗaya ke nan, ban taɓa tashi na janye tabarmata ba."