Takalmin Ranar Tsere

A shekarar da ruwan sama ya shiga ɗakunanmu a unguwar Sharafiyya har muka shanya tabarmi a kan rufi, a shekarar ce ƙanena ya yi suna a tseren mota. Ni facin taya nake yi. Shi bakanike ne a garejin wani attajiri, kuma motar attajirin yake ja.

Ranar Juma'a bayan la'asar direbobi kan taru a wani fili mai gishiri a arewacin gari. Ƙanena ba ya tuƙi da takalmi. Yakan cire silifas ya miƙo mini ta taga, ya ce, "Riƙe mini, Yaya. Da tafin ƙafa nake jin inji." Nakan ƙanƙame su a ƙirji har ƙura ta lafa. Inna ba ta taɓa zuwa ba, amma ba ta iya cin komai sai ta ji muryarmu a ƙofa.

Wata Juma'a attajirin ya zo da baƙo daga Beirut, mai neman direban da zai kai babban tsere a can. Tun a gareji attajirin ya dubi ƙafafun ƙanena ya ce, "Haka za ka kunyata ni gaban baƙo?" Ya ba shi baƙin takalmi sau-ciki, sabo fil, ƙasansa sumul.

A filin, direbobi suka yi ta dariya. "Ango ya iso! Ina amaryar?"

Na sunkuya na ce masa, "Idan ka shiga, ka cire. Wa zai gani?"

Ya ce, "Ga maigida nan tsaye a taga, Yaya. Halas, a bar maganar, yau kaɗai ne."

Aka ce yalla, wato a tafi, suka tashi. An bar silifas a gareji, na rasa yadda zan yi da hannuwana. Ina kallon gangunan da aka jera a kwana, ina jiran ƙarar birki. Ban ji ta ba. Motar ta bi ta kan gangunan, ta wuntsila.

A asibiti ƙanena ya gaya mini ƙafarsa ce ta zame daga kan birki. Ni na koma gida ni kaɗai na sami Inna a ƙofa.

Ya rayu, alhamdulillahi. Abin da muka rasa: ƙafarsa ta dama daga gwiwa, haƙora biyu, motar, aikin gareji, da tafiyar Beirut.