Ranar da Surukina Ya Shiga Madafa

Da muka koma Mubi bayan gudun da aka yi lokacin da 'yan bindiga suka shiga garin, surukina bai dawo da matarsa ba. A Yola ta rasu, a ɗakin da wani ɗan'uwa ya ba mu muka fake. Mun tarar da gidanmu a tsaye, sai dai an ɓalle ƙofofi, ciyawa ta cinye tsakar gida. Mijina ya ce Baba ba zai koma garinsu Muchalla ya zauna shi kaɗai ba, don haka muka gyara masa ɗakin da ke kusa da bishiyar gwaiba.

Ya zauna, amma ya daina cin abinci. In na kai masa tuwo sai ya gutsiri loma biyu ya ture kwanon. Wata ma'aikaciyar jinya da muke coci ɗaya ta duba shi, ta ce ba ta ga wani ciwo ba, a riƙa ba shi abu mai laushi da madara. Na sayo garin kwastad na gwangwani, na dama masa. Ya ɗanɗana, ya juya cokalin a baki, sannan ya ce wannan sitaci ne kawai aka rina da rawaya.

Na yi mamaki, don ban taɓa jin ya yi magana a kan girki ba. Da yamma na tambayi mijina, shi ne ya gaya mini cewa tun kafin a haife shi Baba ya yi shekaru yana aikin kuku a gidan wata Baturiya likitar mishan, can kan duwatsu wajen Michika. Da ya yi aure sai ya bar aikin ya kama noma, kuma a gidan ba a ta da zancen. Shekara goma sha biyu ina auren ɗansa ban sani ba.

Washegari na durƙusa na tambaye shi yadda ake yin na gaskiyar. Ya lissafa mini: madarar da aka tatso da safe, ƙwai, sukari, man shanu, gasarar farar masara, da fanila. Ya ce sunansa fudin.

Haɗa kayan nan ya ci mini mako guda. Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen Mayo Bani ba ta ci gaba da zagawa gida-gida ba, sai da na yi ta cigiyarta a kasuwa kafin na same ta. Ta ce shanunsu sun ragu ƙwarai, amma za ta ware mini kwano guda kafin ya yi tsami. Shagon da ake sayar da kayan kek kuwa yana rufe har lokacin. Maƙwabciyata, wata Hajiya mai yin kek na biki, ita ta ba ni ragowar wata 'yar kwalbar fanila. An kwashe mata injin gasa kek da tukwane, amma kwalbar tana nan a lungun kabad, ba wanda ya kula ta. Masarar kuma na jiƙa ta kwana biyu, na kai niƙa, na tace da ƙyalle, na bar ta ta kwanta, na tsiyaye ruwan, na shanya farin ƙullin a faifai.

Gwajin farko ni kaɗai na yi, yana daga kujerarsa yana kallo. Na tafasa madara na juye ƙwai a ciki, nan take ta tsinke, ta koma gudaji-gudaji. Ina tsaye da ludayi ina jin haushin madarar da na ɓata, sai na ga ya miƙe ya dogara sandarsa ya nufo madafa. Ya ce in kawo masa 'yar kujera. A gidansu namiji ba ya zama a wurin, ni kuma ban taɓa zama kusa da shi haka ba.

Da sauran rabin madarar muka sake. Da ya fasa ƙwai sai ya riƙa juya gwaiduwar tsakanin ɓawon biyu har farin ya zube, bai fasa ko ɗaya ba. Ya sa na buga gwaiduwa uku da sukari har suka yi fari-fari, na zuba gasara cokali uku. Ya ce madara ta yi ɗumi kawai, kada ta tafasa, kuma ita ce za ta je wurin ƙwai, kaɗan-kaɗan, ina zubawa ina kaɗawa. Da muka mayar tukunya, ya ɗauki itace ya kwashe rabin garwashin kurfoti da kansa.

Hausar Baba ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa. "Juya shi," ya ce mini. "Kada ka tsaya, kada ka yi sauri. In ka bar gindin tukunya, ya kama."

Na yi ta juyawa har kafaɗata ta yi tsami, ina ganin kamar ba abin da zai faru. Can sai na ji cokalin ya yi nauyi. Ya karɓa, ya ja yatsa a bayansa, layin ya tsaya bai haɗe ba. Ya ce in sauke. Muka jefa ɗan man shanu, sannan fanila ta zo ƙarshe, ɗigo kaɗan, don a cewarsa wuta tana korar ƙanshinta. Babu lantarki a unguwar a lokacin, sai muka zuba a kwanuka muka jera su cikin daro mai ruwan randa, muka rufe da faifai.

Muna jiran ya huce ne ya yi maganar. Ya ce farkon aurensu Mama ta ji labarin wannan abu a bakin wata mata, ta roƙe shi ya yi mata ko sau ɗaya. Ya ƙi, don kada yayyensa su ga ya riƙe ludayi a gidansa su ce har yanzu yaron Bature ne. Ta sake tambaya bayan haihuwar fari, ya ce sai wani lokaci. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba.

"Shekara hamsin," ya ce. "Ƙwai yana gidan, madara yana gidan."

Na ce Allah ya ji ƙanta, ya ce amin. Na daɗe ina tunanin wannan magana daga baya. Mama ba ta taɓa nuna mini tana riƙe da shi a kan wani abu ba, mai yiwuwa ma ta manta. Shi ne bai manta ba, kuma ina jin da tana raye har yau da bai yi mata ba.

Da ya huce ya kama jikinsa, santsi kamar man kaɗe, na miƙa masa kwano. Ya ci cokali huɗu, ya ce gasarar ta ɗan yi yawa, gobe a rage. Ya huta, ya ƙara ci har ya kai rabi. 'Yan matana biyu suka dawo daga makaranta suka cinye sauran, suna tambaya ko biki ake yi.

Cinsa bai dawo gaba ɗaya a ranar ba, a hankali ya dawo. Muna yin fudin duk ranar Asabar, daga baya ya koya mini wata miyar kabewa da gasa kifi a ganyen ayaba. Da farko mijina yakan kau da kai in ya shigo ya ga mahaifinsa a bakin kurfoti, har ya saba. Da ruwan farko ya sauka Baba ya ce gonarsa ba za ta yi shekara biyu babu shuka ba. Muka sa shi a mota zuwa Muchalla, ƙanwar mijina ta koma can da iyalinta don ta kula da shi. Ya yi damina biyu yana noma gyaɗa kafin ya rasu.