Bayan Dauda Ba'amurke

Ina bakin tashar jiragen ruwa da hantsin Talata, muna jiran alhazan Sudan, direbanmu ya zo ya ce Dauda ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara goma sha ɗaya muna sauke alhazai tare da shi, kuma ina rubuta wannan ne raina a ɓace.

Dauda baƙar fatar Amurka ne. Ya musulunta, ya zo hajji, ya zauna cikinmu a unguwar Karantina har ya auri Rakiya, 'yar wan mahaifina. Da ya iya Hausa sai ya gaya mana cewa a ƙasarsu ƙwallo ce sana'arsa, irin tasu ta hular kwano da ture-ture. Ran nan a shagon gahawar Ammi Sale aka gara masa ƙwallo, ya kai ƙafa ya kuskure. Aka kwashe da dariya.

"Ni ba na taɓa ƙwallo," in ji shi. "Mu biyar ne a gaba, muna tare mutane don mai ƙwallon ya wuce."

"Halas, ya isa haka, ya shehu!" in ji Ammi Sale. "Ɗan ƙwallon da ba ya taɓa ƙwallo? To ni ma matuƙin jirgi ne."

Daga ranar aka ɗauke shi maƙaryaci. Mutumin da ban taɓa kama shi da ƙarya ba ko a wasa! Ni ma na yi dariyar, kuma har gobe ina jin kunyarta.

Bai taɓa ramawa ba. Yatsunsa duk a karkace suke. Sallah ma a zaune yake yi, domin ƙungiyarsa ta yi ta danna wa gwiwoyinsa allura tana tura shi fili, da suka lalace ta sallame shi kamar tsohon jaki. Yakan ce, "A aikinmu, idan ka ji an kira sunanka, to laifi ka yi."

Wata rana alhazai suka yi cincirindo a matakalar jirgi, wata tsohuwa ta faɗi a tsakiya. Dauda ya durƙusa kaɗan a kan gwiwoyin nan, ya buɗe hannuwa, ya tokare mutanen da ke gangarowa, yana cewa, "Yalla, maza, Isa, ɗauke ta!" Ina bayansa na ɗago ta. Ko rigarta ba a taka ba. Danginta suka yi ta sa mini albarka, shi kuwa ya kwana uku bai tashi ba.

Amma a zaman makokinsa, gaban 'ya'yansa biyu, Ammi Sale ya ce, "Allah ya yafe masa ƙaryar ƙwallo." Na miƙe tsaye. Kafin in yi magana, Rakiya ta aiko daga cikin gida da wata tsohuwar takardar jarida. Ga wani yana gudu da ƙwallo, fuskarsa fes, sunansa a ƙasa. A gefe kuma ga wani ƙato ya ba da baya, ya tare mutum biyu.

"To ina fuskarsa?" in ji Ammi Sale.

Na ce, "Ammi, ba na buƙatar fuska. Shekara goma sha ɗaya ina tafiya a bayansa, na san bayan nan."

Ya daɗe yana kallon hoton.

Ya Allah, kai ka san sunan wanda ba a kira ba. Ka jiƙan Dauda, ka yalwata kabarinsa, ka ba shi gwiwoyin da ba sa ciwo a Aljanna. Ka ba Rakiya haƙuri, ka tsaya wa marayunsa kamar yadda ya tsaya wa bayinka. Mu kuma da muka yi dariya, ka yafe mana.