Fitilar da Ta Yi Ƙamshin Gida

Lokacin da na fara sauka a Doha, Mushairib unguwa ce ta matsattsun lunguna. Shagon tela yana jingine da na mai gyaran rediyo, ƙamshin soyayyar albasa yana saukowa daga benaye. Kafin in bar garin an share duk wannan, an kafa fararen gine-gine masu sanyin inuwa, jirgin ƙasa yana ratsawa ta ƙarƙashinsu shiru kamar kifi a ruwa. Ni ma a wancan zamani mutum ne da ake miƙe wa in ya shigo, ana ce mini Alhaji mai fitila. Yau tsoho ne ni a wata ƙaramar rumfa a Kano. Samari, ku ba ni aron kunnuwanku, in gaya muku yadda aka yi.

Mahaifina maƙerin fari ne, shi ya koya mini narka dalma tun ban kai munzali ba. Ƙafata ba ta san zama ba. Na yi Hartum, na yi Iskandariya, na yi Santambul, na tsallaka har Marsiliya, kowane gari ya bar mini harshensa a baki. A Iskandariya na yi aiki a wurin wani tsohon Bagirke mai sayar da kayan da, a shagonsa kuma na fara ganin irin fitilar da ta zama arzikina, ta kuma zama ajalin mutuncina. Fitilar tebur ce mai gindin tagulla. Hularta gutsattsarin gilashi ne masu launi, ɗaruruwa, kowane an naɗe bakinsa da siririn jan ƙarfe an liƙe shi da ɗan'uwansa. A kashe ba ta da wani kyau, sai ka ce ƙwaryar da ta sha hayaƙi. Da tsohon ya kunna ta, sai ganyen inabi ya tsiro a jikin bango, kore da shunayya suka zubo mini a kan riga. Na ga fitilun masallatan Masar, na ga na kasuwar Santambul masu walƙiya kamar kayan amarya. Waɗancan ado suke yi wa ɗaki. Wannan kuwa wata duniya take buɗewa a cikinsa.

Shi ya koya mini yadda ake gane ta gaske. Ya ce in ƙwanƙwasa hular da bayan yatsa, a hankali, in saurara. Sabuwa takan yi gum. Wadda ta shekara ɗari takan amsa da 'yar kacau-kacau, domin kakin da ya riƙe gilashin ya bushe, gutsattsarin sun saki kamar haƙoran tsoho. Ya nuna mini launin da shekaru kan shafa wa tagulla, da baƙin hayaƙin taba da na murhu da kan maƙale a lungunan cikin hular. Ya ce, “Baki yana ƙarya, ɗana. Fitila ba ta yi.”

Da wannan ilimi na shiga Doha, na samu masu gidajen da ke son kayan da, na yi shekaru ina cin halalina. Ɓarnar ta fara ne daga gilashi guda ɗaya, bai fi farcen babban yatsa ba. Ya fashe a wata fitila ta gaske, na sa sabo a gurbinsa, mai saye bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Na kwana ina jiran abin da zai biyo baya, ba abin da ya biyo. Bayan wata biyu na ɗora sabuwar hula a kan tsohon gindi. Daga nan sai zuciya ta ce, to me ya rage?

Na fara sayo sababbi fil, ina tsofar da su. Tagullar in shafe ta da ruwan tsami da gishiri. Hular in kai ta saman bene, in bar wa ranar Doha ita. Zafin bazara guda na garin nan yakan yi wa kaki abin da shekara ɗari ke yi masa a ƙasar sanyi. Saura hayaƙi. In na ƙona taba ko itace a ɗakin haya, maƙwabta za su yi magana. Amma a Doha ba mai tambayar hayaƙin turare, kowane gida yana da kaskonsa. Ni kuwa ina da turaren wuta da ƙanwata ke aiko mini daga Maiduguri, mai kajiji da hawi. Sai in kife hular a kan kasko, in zauna ina kallon hayaƙin yana zagaya cikin launuka, ina ƙaga mata tarihi. Wannan daga gidan wata baturiya ta fito. Waccan wani matuƙin jirgin ruwa ne ya saya wa matarsa. Har nakan ji tausayin mutanen da na ƙirƙira.

Abokina a garin shi ne Malam Iddi, mutumin Zangon Kumasi, direban wani babban gida shekara ashirin da shida. Duk Juma'a bayan la'asar mukan zauna a bakin teku, a Kwarnish, mu sha shayi muna kallon jiragen katako suna lilo a ruwa. Hausarsa ta Zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji. In ya ce, “Hajiya ya gaishe ka,” sai in ce, “Malam Iddi, yaushe Hajiya ta fara gemu?” Shi kuma ya ce, “Ku Kanawa kun iya raba mace da namiji a magana. Naku da na mutane ne ba ku iya rabawa ba.” Mu yi ta dariya.

Hajiyar da yake nufi ita ce uwar maigidansa, tsohuwa Balarabiya wadda idonta ke tafiya. Ba ta gane fuska, ba ta iya karatu, amma tana ganin haske in yana da launi. Shi ya sa take tara fitilun nan. Malam Iddi ne ya kai ni wurinta. A gabana ya ce mata, “Wannan ɗan'uwana ne. In ya cuce ki, ni na cuce ki.”

Ba zan manta ɗakin ba. Fitilu goma sha wani abu a kan tebura, ana kunna su bayan magariba, bango ya koma lambu, rufi ya koma ƙarƙashin kogi. Tana zaune a tsakiya, 'yar ƙarama, tana miƙa tafin hannunta cikin hasken kamar mai tarar ruwan sama. Takan ce in ba ta labarin kowace, in zauna in zuba mata da Larabcin Masar, tana dariyar lafazina. Uku na farko da na kai mata na gaske ne. Ta huɗun, mai furen bado shuɗi da fari, a ɗakina ta tsufa. Na ce mata wata baturiya ce a ƙasar ƙanƙara ta yi shekara sittin tana kunna ta a taga, tana jiran ɗanta ya dawo daga teku. Hajiya ta shafa hular, ta ƙwanƙwasa yadda na koya mata, gilashin ya amsa. Ta ce, “Allah sarki. Ya dawo kuwa?” Na ce ya dawo. Daga ranar ita ta fi so.

Bayan sati uku muka haɗu da Malam Iddi a bakin teku. Bai taɓa shayinsa ba. Ya ce, “Alhaji, ka san ni ke kunna ma Hajiya fitila. In na kunna mai bado, ya yi zafi, sai in ji ɗakinka.”

Na ce, “Ɗakina kuma?”

Ya ce, “Kajiji da hawi. Larabawa ba su san shi ba, sun ɗauka warin tsufa ne. Ni na san shi, a rigarka nake jin shi duk Juma'a. Baturiyan nan, a Maiduguri ya yi aure?”

Na yi dariya, na ce ai fitilar ta yi kwanaki a wurina kafin in kai ta. Ya girgiza kai. Ya ce ya goge ta ciki da waje har sau uku, ƙamshin daga ƙarƙashin dalma yake fitowa, kuma baƙin da ke cikin hular da shi da ƙamshin abu ɗaya ne. Sannan ya dafa gwiwata ya ce, “Ka zo mu je tare, ka faɗa da bakinka. Hajiya yana da tausayi. Ni na tsaya maka, kar ka sa in zama maƙaryaci da furfura. Na ba ka zuwa Juma'a mai zuwa.”

Samari, nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa, ni kuma na rufe ta da hannuna. Na dubi mutumin da ya kira ni ɗan'uwa, na rantse masa cewa fitilar ta gaske ce. Washegari na yanki tikitin jirgin da zai tashi bayan Juma'ar. Na ɗauka ba zai yi magana ba, tunda in ya tona ni ya tona kansa. Na auna shi da mudun da nake auna kaina.

Ranar Juma'a ya je ya gaya wa maigidansa komai. A filin jirgi aka tsayar da ni, ina riƙe da jakata, ina hangen ƙofar fita. Aka kawo masani ya duba fitilun, sauran waɗanda na sayar wa suka fito ɗaya bayan ɗaya. Harsuna biyar nake ji, a gaban alƙali na rasa ko ɗaya da zan kare kaina da shi.

Na yi shekara biyu da watanni a kurkuku. Hasken wurin fari ne fat, ba ya da inuwa, ba ya da launi. Nakan rufe ido in danna fatar da yatsa don in ga ja da kore suna iyo. Sau ɗaya Malam Iddi ya zo, da ledar dabino. Ya ce maigidan ya sallame shi, tunda shi ya shigo da ni gidan. Kalma ɗaya, halas, wato shi ke nan, shekara ashirin da shida suka ƙare. Na tambaye shi Hajiya fa. Ya ajiye ledar a gabana. Sannan ya ce, “Ya hana a kunna fitila. Duka, har na gaskiyan. Ya ce tunda ba ya iya gane wanne ne ƙarya, a bar su a kashe.”

Wannan ita ce satar da na yi, ba wadda aka rubuta a takardar kotu ba. Tsohuwa ce da launi kaɗai ya rage mata a duniya, na shiga da daɗin baki na ɗauke shi. Tun daga ranar na daina danna idona.

Da wa'adina ya cika, aka sa ni a jirgi zuwa gida, ba damar komawa. Ban zauna ba sai da na bi mota har Kumasi. Na sami Malam Iddi a ƙofar gida a Zango, yana gyara wa jikarsa takalmi. Na durƙusa, ni da na girme shi. Ya ce, “Tashi, Alhaji, mutane suna kallo.” Ya gaya mini Hajiya ta rasu bara, ba ta sake kunna su ba. Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe tun a Doha, amma ta Hajiya ba a hannunsa take ba, sai dai in yi ta roƙa mata rahama, in roƙa wa kaina. Ya sa aka kawo mini abinci. Bai sake ce mini ɗan'uwa ba, ni ma ban nema ba.

Ku da kuke tasowa da sana'a a hannu, kada ku raina gilashi guda da kuka sauya kuka yi shiru. Ranar da ba a kama ku ba ita ce ranar da ya kamata ku ji tsoro. Idan kuma wani ya tsaya muku da sunansa, ku sani mutuncinsa kuke ɗauke da shi, ba naku kaɗai ba. In ya ba ku zuwa Juma'a, ku je tun ranar Asabar.

Har yanzu ina haɗa fitilu, ƙanana, da gilashin da nake samu. Ba na iya zama a ɗakin da ake turaren wuta, iyalina sun sani, sukan jira in fita. A ƙarƙashin kowace fitila nakan zana shekarar da na yi ta, in juya ta in nuna wa mai saye kafin ya tambaya. Tun da na fito, ban ƙara wa wani abu ko kwana ɗaya a kan shekarunsa ba.