Saukowarmu Daga Dutse Ni Da Gwaggo

Asabar, daga Greensboro zuwa Marion

Da ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar gida, ni da Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina, wadda ta zo daga Damagaram don bikin kammala karatuna. Kan duwatsu zan kai ta yawon buɗe ido. Motar ta maƙwabcinmu ce Malam Idi makanike, mutumin Maraɗi. Ya ba ni aro, ya ce lafiyarta ƙalau. Ni kuwa wata biyar ke nan da samun lasin tuƙi, kuma ban taɓa wuce Winston-Salem da ke nan kusa da mu ba. Kafin mu fita sai da Baba ya kira. "Zuwaira," ya ce, "gwaggonki amana ce a hannunki. Yadda ta zo haka nake so ta dawo mini." Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji har muka dawo.

Mun bi babbar hanyar yamma. Takardun mota da fasfo ɗinmu suna cikin ambulan a kan cinyar Gwaggo, ko da za a tsayar da mu. Mun yi wajen mil saba'in sai ta ce, "Wai ƙasar nan ba su da jandarma ne? Hannuna ya gaji da riƙon takarda." Ba wanda ya tare mu. A Hickory muka sha mai, galan bai kai dala uku ba, in ban manta ba. Muka isa Marion da takwas da kwata.

Ƙauyen kan dutse

Daga nan hanya ta fara hawa tana murɗawa. Kunnuwana suka toshe, ban kuma yarda na dubi gefen dama ba. Da tara muka shiga ƙauyen da suke kira Little Switzerland: gidajen katako masu rufi mai tsini, 'yan shaguna da ba su kai yatsun hannu ba, da hazo kwance a cikin kwari kamar an shanya auduga.

Wata tsohuwa mai ɗakunan haya ta ba mu ɗaki mai baranda. Abincinmu muka ci, dambun nama da burodi, sai shayi da tuffa da ta kawo mana. Gwaggo, wadda ta yi sati uku tana ƙorafin ƙarar motoci a Greensboro, ta lulluɓa da bargo ta zauna a baranda da tazbaha. Ba ka jin komai sai tsuntsaye da wani ruwa da ke gudu a ƙasa. "Nan mutum zai ji abin da zuciyarsa ke faɗi," in ji ta. Na yi murna da na kawo ta. Amma a raina ina ta lissafin cewa duk abin da muka hau, gobe sai mun sauke shi.

Lahadi, gangara

Mun tashi da tara da minti goma. A bakin gangarar na ga allo yana cewa a sa ƙaramar giya. Na ɗauka da manyan motoci ake. Mu da muka tashi a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, abin da muka sani shi ne in kana tsoro ka taka birki. Don haka na ɗora ƙafata a kansa ban ɗaga ba, muna tafiya kamar hawainiya, ina ganin na yi hankali.

Mun yi kamar mil biyu sai Gwaggo ta ce, "Wa ke gasa masara a dajin nan?"

Ni ma na ji ƙaurin. Na ƙara taka birki, sai na ji ya yi laushi, ƙafata ta nutse kusan har ƙasa, motar kuwa ba ta rage gudu ba. Ga kwana a gabanmu, bayanta babu komai sai kan itatuwa.

"Gwaggo, ki yi salati."

"Tun ɗazu nake yi. Ke dai riƙe abinki."

Na dinga takawa ina saki, na ja birkin hannu a hankali. Ban san ko haka ya kamata a yi ba, Allah ne dai ya kai mu wani fili mai tsakuwa a gefen hanya, motar ta ja ta tsaya. Hayaƙi na fita daga tayoyin gaba. Wayata babu sabis. Gwaggo ta fito da buta za ta watsa wa tayar ruwa, sai ga wani dattijon Bature a a-kori-kura yana ɗaga hannu yana cewa a'a.

Ya tsuguna ya duba. "'Yata, kin dafa birkinki," ya ce. "Ki bar shi ya huce da kansa." Muka jira minti arba'in. Ya taka birkin ya ji ya dawo daidai, sannan ya nuna mini lamba biyu a jikin giya, wadda ban taɓa taɓawa ba. Ya ce in sa nan, in ɗauke ƙafata, injin ne zai riƙe motar.

"In ɗauke ƙafata? A gangarar nan?"

"Ina gabanki. In kin zo da gudu, ni za ki buga."

Da na fassara wa Gwaggo sai ta ce, "To, tunda ya ba da bayansa, ki bi shi."

Ɗauke ƙafar nan ya fi mini duk jarrabawar da na rubuta wuya. Injin ya yi ta kuka, ƙafata tana kusa da birki, ina taɓa shi kaɗan a kowace kwana in saki. Motar kuwa ta riƙe kanta. A gindin dutsen dattijon ya fito da hannu ta taga ya wuce. Ko sunansa ban tambaya ba.

Gida

Mun shigo Greensboro da biyu saura kwata. Na faɗa wa Malam Idi duk abin da ya faru, ya ce laifinsa ne da bai gaya mini maganar giyar ba. Da na tashi yin azahar ƙafata ta dama ta ƙi ɗaukata, sai na jawo kujera kusa da Gwaggo, wadda dama a zaune take salla saboda gwiwa. Ta dube ni ta ce, "Yau tsofaffi biyu ne a gidan nan."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sauko da mu. Ina kuma gode wa Malam Idi, da dattijon da ya ba mu bayansa, Allah ya saka musu da alheri.