Dawar da Inna ta hana shanu ci

Shekarar da ruwa ya ɗauke mana ana tsakiyar damina, dawar Inna ba ta wuce gwiwa ba. Gonar tana bayan ƙauyenmu, wajen Sandamu, ita ce abin da mahaifinmu ya bar mata. Awaki suka fasa shinge suka aske rabinta, sauran ganyen ya naɗe saboda ƙishi. Amma dawa ba ta mutuwa da sauƙi. Inda aka cinye ta sake tofowa, kore shar, alhali ko ciyawa babu a dajin.

Baffa, ƙanen mahaifinmu, yana da bijimai biyu na huɗa, da su yake ci da iyalinsa. Yunwa ta sa ana iya ƙirga haƙarƙarinsu. Ya roƙi Inna ta bari ya ɗaure su a gonar, tunda amfanin ya riga ya lalace. Ta ce a'a. Ya daina shiga gidanmu, a ƙauye kuma aka fara cewa tsohuwa ta koyi rowa.

Ni ina koyarwa a Daura lokacin, ina ji da kaina. Aka aiko mini, na hau babur na zo sulhu. Na same ta zaune a bakin gonar da sanda.

"Inna, me za ki yi da ganyen da ba zai yi zangarniya ba?"

"Ba ganyen nake tsaro ba, shanun nake tsaro," in ji ta. "Dawar da ta sha fari, aka kuma cije ta, dafi take tarawa a sabon tofonta. Ba ta da ƙafar gudu, da abin da take da shi take rama wa kanta."

Na yi dariya, Allah Ya yafe mini. Ina da rago a gidan Inna, wanda nake kiwo don sunan jaririn da matata ke ɗauke da shi. Da Inna ta tafi sallar azahar, na jawo shi na sake shi cikin tofon, na aika a kira Baffa ya zo ya gani da idonsa, ya kawo shanunsa ma.

Ya gani kuwa. Kafin ya ƙaraso, ragon ya fara haki yana rawar jiki, kumfa a bakinsa. Da ƙyar muka samu wuƙa ta riga mutuwa.

Baffa ya tsaya riƙe da igiyar bijimansa, taku kaɗan tsakaninsu da gonar, yana kallon ragon a ƙasa. Ni kunya ta hana ni ɗaga kai. Amma har a cikin kunyar nan wani alfahari ya cika mini ƙirji, wai wannan matar da ba ta taɓa zama a aji ba ita ta haife ni. Kwanaki ta yi ana zaginta, ba ta matsa daga bakin gonar ba.

Da ta dawo, Baffa ya durƙusa a gabanta, da furfurarsa, a gaban mutane.

"Yaya, ki yafe mini."

Ko ragon ba ta kalla ba. Ta ce, "Tashi, Malam. Akwai sauran harawa a kan rufin ɗakina, je ka sauke musu. Tun ranar farko na so in faɗa maka, ba ka tsaya ba."